Ƙoda Ba Ta Kuka Da Wuri

A kowace rana ƙodar baligi tana tace ruwa kusan lita 180 daga jini, amma fitsarin da ke fita bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. To ina sauran? Cikin jini yake komawa.

Ƙoda biyu ne, suna kwance can ta baya, ƙasa da haƙarƙari, ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta ta tokare ta. A cikin kowace akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, likitoci na kiransu nefron. Kowane yana farawa da dunƙulen siraran jijiyoyin jini, wanda Bature Marcello Malpighi na Italiya ya bayyana tun 1666. Nan ruwa ke tsiyayowa da gishiri da sukari da datti, ƙwayoyin jini da furotin kuwa ba su samun hanya. Daga nan sai a bi ta wani siririn bututu ana tsince masu amfani ana mayarwa, kamar matar da ta fito da kayan ɗakinta duka tsakar gida, ta share, ta mai da nagari. Sukari kaf ake mayarwa, sai fa in ya yi wa jini yawa. Shi ya sa tururuwa ke yanyame fitsarin mai ciwon suga.

Ba tacewa kaɗai ba. Ƙoda ce ke aika wa ɓargo sinadarin da ke sa shi ƙera jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma da hannu a daidaita hawan jini. Sai ka ga mai ciwon ƙoda ya ɗashe, a yi ta ba shi maganin ƙarin jini, alhali matsalar ba nan take ba.

Illar ƙoda haƙuri. Rabin aikinta na iya tafiya mutum na kasuwarsa lafiya lau. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta yi suntum da safe, ɓarna ta yi nisa, sai maganar wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ko dashe, wanda aka fara cin nasararsa a Boston ta Amurka a 1954. 

Hawan jini da ciwon suga ne manyan masu kashe ta, ga kuma Diclofenac da ake sha kamar gyaɗa don ciwon jiki. Mai karatu, in kana da ɗaya daga cikin cututtukan nan biyu, je a auna maka fitsari da jini ko da sau ɗaya a shekara.