Tumatir Mai Aure Mai Saurin Nuna: Nomansa da Sarrafa 'Ya'yansa

1.0 Gabatarwa

Manomin tumatir a ƙasar Hausa yana tsere ne da abubuwa biyu, wato zafin bazara da cikar kasuwa. Wanda tumatirinsa ya nuna tare da na kowa, a tsakanin watan Fabrairu da Maris, yakan tarar kwanduna sun yi wa kasuwa yawa, har wani lokaci kuɗin kaya ba ya biyan kuɗin mota. Wanda kuma ya makara, zafi kan riski shukarsa tana cikin fure. Wannan ne ya sa iri mai aure mai saurin nuna ya sami karɓuwa a wurin masu noman rani. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake samar da irin, da yadda ake nomansa, da hanyoyin amfani da 'ya'yansa, domin a nuna cewa ribarsa tana rataye ne a kan kiyaye lokaci.

2.0 Asalin Tumatir

Tumatir ɗan asalin yammacin Kudancin Amurka ne, a yankin tsaunukan Andes, amma a ƙasar Meziko ya zama abin nomawa sosai. Daga can Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Sunansa ya samo tushe daga kalmar tomatl ta harshen Nahuwatil na mutanen Aztek, ya biyo ta Sifaniyanci da Ingilishi kafin ya zama tumatir a bakin Bahaushe. A Arewacin Nijeriya nomansa ya bunƙasa tare da noman rani, musamman bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin Kadawa da Kura a Jihar Kano. Daga irin waɗannan wurare ake ɗora kwanduna zuwa Legas da sauran biranen Kudu.

3.0 Ma'anar Iri Mai Aure

Furen tumatir yana ɗauke da sashen namiji da na mace wuri guda, saboda haka shi yake yi wa kansa barbara. Wannan ne dalilin da ya sa irin gargajiya, ko wanda ya daɗe a hannun manoma kamar Roma, yake maimaita kamanninsa kowace shekara. Iri mai aure kuwa, masana ne ke zaɓen iyaye biyu tsarkakakku, misali ɗaya mai saurin nuna, ɗaya mai jure cuta. Kafin furen uwar ya buɗe, sai a cire sashen namijinsa da hannu, a ɗebo garin furen uban a shafa masa. Ƙwayar da aka samu daga wannan aure ita ake sayarwa, kuma ita ce ake rubuta wa alamar F1 a jikin fakiti, ma'ana zuriya ta farko. Da yake fure ɗaya-ɗaya ake bi da hannu, dole irin ya yi tsada.

Zuriyar farko takan fito bai ɗaya, da ƙarfi, ta kuma nuna kusan lokaci guda. Sanannen misali shi ne Early Girl, wanda ya yi fice a lambunan Amurka tun shekarun 1970, yana fara nuna cikin kimanin wata biyu bayan dashe. A lura cewa kwanakin da ake rubutawa a fakiti galibi daga ranar dashe ake ƙirga su, ba daga ranar da aka zuba iri a wurin reno ba.

3.1 Haɗarin Ajiye Iri

Bahaushe ya saba da cire iri daga amfanin bana don shukar baɗi, kuma al'ada ce mai kyau ga gero da dawa da tumatir na gargajiya. Ga iri mai aure kuwa, asara ce. Gregor Mendel, a binciken da ya wallafa a 1866 kan wani nau'in wake, ya nuna cewa halayen da suka ɓuya a zuriya ta farko sukan sake bayyana a ta biyu, a kimanin shuka ɗaya cikin huɗu ga kowace siffa. Idan manomi ya shuka ƙwayar da ya tatsa daga 'ya'yan F1, gonarsa za ta fito gauraye: wani gindi dogo, wani gajere, wani ya nuna da wuri, wani ya makara, wani kuma ya rasa juriyar cutar da aka sayi irin dominta. Abin da ya biya kuɗi a kansa, wato nuna bai ɗaya da wuri, shi ne farkon abin da zai ɓace. Don haka sabon iri ake saye kowace shuka, daga dillalin da aka amince da shi, a fakitin da ba a buɗe ba.

4.0 Yadda Ake Nomansa

4.1 Reno da Dashe

Giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya kimanin 300. Tun da irin mai tsada ne, ba a watsa shi barkatai. A shuka shi layi-layi a ƙasa mai laushi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, zurfinsa kada ya wuce santimita 1, a yi masa rumfar ciyawa. Bayan mako 3 zuwa 4, idan ya yi ganye 4 ko 5, ya isa dashe. Jinkiri a nan yana da illa ta musamman, domin iri mai saurin nuna ba ya jira: idan ya tsufa a wurin reno zai fara fure yana ƙarami, ya tsumbure. Da yamma ake dashe, a bar tazarar kimanin santimita 60 tsakanin layuka da 45 tsakanin gindi da gindi. Ba a so a dasa shi inda aka cire tattasai ko attaruhu ko gauta, domin danginsa ne, cutarsu ɗaya.

4.2 Yanayi

Tumatir yana son rana mai ɗumi da dare mai sanyi. Idan zafin rana ya haura digiri 32 a ma'aunin Selshiyos, na dare kuma ya wuce 21, garin fure yakan lalace, furen ya kakkaɓe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Haka kuma sinadarin laikofin, wanda ke sa tumatir ja, ba ya haɗuwa sosai a zafin da ya wuce digiri 30, shi ya sa tumatirin bazara kan fito ruwan ɗorawa. Manomin da ya yi reno a ƙarshen damina, ya yi dashe a watan Oktoba, zai iya fara tsinka a Disamba, kafin kasuwa ta cika. Wanda kuma ya yi dashe a makare, saurin irin kan ba shi damar ƙulla 'ya'ya kafin zafin Maris da Afrilu.

4.3 Ruwa da Taki

Ban ruwa a kai a kai ya fi ambaliya bayan ƙishi. Idan ƙasa ta bushe sannan aka cika ta da ruwa, 'ya'yan sukan tsage, ko kuma gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe saboda sinadarin kalsiyam bai isa wurin ba. Game da taki, yawan yuriya yana sa ganye ya yi duhu, fure ya yi jinkiri, ya rushe dalilin sayen irin. A zuba taki mai haɗin sinadarai uku bayan dashe ya kama, a ƙara kaɗan lokacin fure. Nau'in da ke ci gaba da tsawo yana bukatar a kafa masa sanda, don kada 'ya'yansa su kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

4.4 Kwari

A 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Kasancewar iri mai aure ba ya kare shi daga wannan tsutsa. Taimakon da saurinsa ke yi shi ne rage kwanakin da shuka za ta yi a fili. Sauran kariya tana ga duba ganye kullum, da ƙone ragowar gona bayan girbi, da sauya maganin feshi don kada ƙwaron ya saba da guda.

5.0 Amfani da 'Ya'yan

Tun da gona takan nuna kusan gaba ɗaya, wajibi ne a san inda kaya za su tun kafin su yi ja. Wanda za a kai nesa ana tsinkarsa ne da zarar ya fara sauya launi, domin yana ci gaba da nuna a hanya. Kwandon da aka cika aka ɗora wani a kansa yana matse na ƙasa, akwatin roba kuwa yana rage wannan ɓarna. Wanda za a ci a gida a bar shi ya nuna a jikin uwarsa, a ajiye shi a inuwa mai iska, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 12 yana kashe masa ɗanɗano.

Nau'o'in tumatir ba aikinsu ɗaya ba. Mai kewayayyen jiki da yawan ruwa ya fi dacewa da kwaɗo da miyar da za a ci a ranar. Mai tsawo da kaurin tsoka shi ya fi jure tafiya, ya kuma fi kyau wajen busarwa. Kimanin kashi 94 cikin 100 na ɗanyen tumatir ruwa ne, don haka kilo 100 ba ya ba da fiye da kilo 7 ko 8 na kauɗa. Iskar hunturu tana busar da shi da sauri, amma shanya a ƙasa tana cika shi da yashi. Gwamma a shanya a kan tabarma ko gado, a lulluɓe da raga. Ana kuma niƙa shi, a tafasa har ya yi kauri, a ɗura a kwalba mai tsabta da zafinsa, a rufe, a sake tafasa kwalbar cikin ruwa. Tumatir yana da bitamin C, wanda wuta ke ragewa, amma jiki ya fi ɗaukar laikofin daga dafaffe da aka sa wa mai.

6.0 Kammalawa

An ga cewa iri mai aure mai saurin nuna yana sayar wa manomi 'yan makonni ne, waɗanda zai iya riga kasuwa da zafi da su. Waɗannan makonni sukan salwanta ta hanyar ajiye iri, ko jinkirin dashe, ko yawan yuriya, ko rashin tanadin inda za a kai kaya. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Manomin da ya ƙirga kwanakinsa tun daga ranar da yake son shiga kasuwa, ya dawo baya zuwa ranar reno, shi ne zai mayar da kuɗin irinsa har ya ga riba.