Makantar da Ba ta Jiran Mutum ya Shirya

A Fadaman Mada, kamar sauran unguwannin Bauchi, idan ganin dattijo ya fara dushewa sai ka ji an ce yana ce, a bari ta nuna a cire. Sau da yawa haka ɗin ne. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ke jawo kusan kashi 43 cikin ɗari na makanta a Najeriya, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi kowace shiyya makafi, kashi 6.1 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama. Illar wannan sabo ita ce mun ɗauka duk wata makanta tana iya jira. Wadda ke tasowa daga bayan ido ba haka take ba.

Can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani da likitoci ke kira ratina. Shi ke karɓar haske ya miƙa wa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya mutu a jikinsa ba ya tofowa. Babban abokin gabarsa a yau ciwon siga ne. Siga na cin ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi, su riƙa yoyo, tsakiyarsa ta kumbura, daga baya wasu raunanan jijiyoyi su tsiro su fashe, jini ya cika idon. Kusan ɗaya cikin uku na masu siga suna da alamar wannan lalacewa, ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Hawan jini na ƙara rura wutar. Masu sikila ma, musamman masu rukunin SC, suna cikin haɗari, abin da ba kasafai ake faɗa wa iyaye ba. Sai kuma ɓallewar tantanin daga mazauninsa: mutum ya ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun yawaita farat ɗaya, ko duhu kamar labule yana saukowa. Wannan ba ya kwana a gida.

Magani akwai. Tun 1976 wani babban bincike a Amurka ya tabbatar cewa ƙona gefen tantanin da hasken leza yana rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Akwai allurar da ake yi a cikin ido, irin su Avastin da Lucentis, mai sauke kumburi, akwai kuma tiyatar kwashe jini da manne tantanin da ya ɓalle. Amma galibinsu tsare abin da ya rage suke yi. Shi ya sa nake ganin duba bayan ido ya kamata ya zama ɓangaren kula da siga, daga ranar da aka gano shi a babba, sannan duk shekara. Mai karɓar maganin siga a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibitin unguwa bai kamata ya fita ba tare da an tura shi sashen ido ba.

Wani zai ce ganinsa garau, me zai kai shi? Ai wannan ne lokacin da magani ya fi amfani. Wani ya ce an yi wa wane leza bai warke ba. Yawanci an kai shi ne bayan ɓarna ta yi nisa, sai aka ɗora wa magani laifin jinkiri. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan raina ta ba: allurar ido ana maimaita ta wata bayan wata, babbar tiyata kuma kan sa a nufi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitocin Kano. Sai dai wannan tsadar ta ƙarshen ciwo ce. Ta farkonsa ba ta wuce a ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, likita ya leƙa ciki, mutum ya haƙura da dishi-dishi na 'yan sa'o'i, ya samu wanda zai rako shi gida.