Tsufan Katin Memori da Dabarun Gyaran Kuskure

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a Bakura wajen 1907, ya yi wa fadar Maradun kiɗa, ya kuma rasu a 1991, ya bar waƙoƙin da suka zauna a mazubi iri iri. Da fari an naɗe su a faifai, daga baya a kaset, yau kuwa masu sauraronsu da dama a katin memori suke ajiye su, irin wanda ake tura wa waƙa a kasuwar Talata Mafara. Mutane da dama sun ɗauka abin da ya shiga wannan kati ya tsira ke nan, tun da ba shi da zaren da zai tsinke. Al'amarin ba haka yake ba. Katin yana tsufa, kuma abin da ke jinkirta lalacewarsa shi ne wani lissafi na gyaran kuskure da ke gudana a cikinsa ba tare da mai shi ya sani ba.

Irin wannan ma'ajiya, Fujio Masuoka ne ya ƙago ta a kamfanin Toshiba na Japan, aka bayyana nau'inta mai suna NAND a 1987. Cikinta akwai ƙananan gurabu biliyoyi, kowanne kamar tulu ne da ake zuba wa cajin lantarki maimakon ruwa. Rubutu shi ne zubawa, karatu kuwa shi ne auna inda ruwan ya tsaya. A da matsayi biyu kawai ake dubawa, watau cike ko wofi, ɗaya ko sifiri. Da aka nemi arha sai aka raba tulu ɗaya matakai 4, sa'an nan 8, har 16, tazarar da ke tsakanin mataki da mataki ta ƙuntata ƙwarai.

To, tulun nan yana yoyo. Duk sa'ad da aka goge aka sake rubutu, bangonsa yakan ƙara rauni. Gurbi mai matsayi biyu yakan jure gogewa kamar sau 100,000, amma mai matakai 8 bai cika wuce 'yan dubbai ba. Zafi kuma yana gaggauta yoyon. Ƙa'idar ƙungiyar JEDEC ta nemi faifan SSD na kwamfutar gida, idan ya cinye adadin rubutunsa, ya riƙe bayani shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30. Kowa kuwa ya san bazarar Zamfara takan haura digiri 40.

Maganin ya girmi cutar. A 1950 Richard Hamming na Amurka ya nuna cewa idan aka ƙara lambobi uku na tsaro a kan kowaɗanne huɗu, za a iya gane wadda ta sauya a cikin bakwai ɗin, a kuma mayar da ita. A 1959 da 1960 aka fito da tsarin BCH mai gyara kurakurai da dama a jere ɗaya, shi ne kuma ya daɗe yana tsaron wannan ma'ajiya. Rauninsa shi ne yanke hukunci nan take: ya auna gurbi sau ɗaya, ya ce ɗaya ne ko sifiri ne, in kurakuran suka zarce adadin da aka tanadar masa sai ya gaza ɗungum.

Misalin gyaran da aka yi wa wannan rauni yana nan a zauren malamai. Malamin da ke karanta tsohon littafin ajami yakan tarar da harafin da ɗigonsa ya goge, bai san ko ba ne, ko ta, ko nun ba. Ba ya yin garaje. Yakan riƙe shakkarsa, ya dubi haruffan da ke gaba da na baya waɗanda ya tabbatar da su, har ma'ana ta nuna masa daidai. Haka tsarin LDPC yake aiki, wanda Robert Gallager ya gabatar a kundin digirinsa na 1960 a MIT, aka yi watsi da shi don ya fi ƙarfin kwamfutocin lokacin, sai a shekarun 1990 aka farfaɗo da shi. A nan kowace lamba tana zuwa da gwargwadon amincinta, ana kai da komowa tsakanin lissafan tsaro, lambobi masu ƙarfi suna gyara masu rauni, har lissafin duka ya daidaita.

Dabara ta biyu ita ce la'akari da shekaru. Tun da an san ruwan tsohon tulu ƙasa yake yi, sai na'ura ta sassauto da ma'auninta ta sake karatu. In bai wadatar ba, ta auna gurbin sau da yawa a kusa da iyaka don ta san girman shakka. Wannan yana cin lokaci, shi ya sa tsohuwar ma'ajiya takan yi nawa kafin ta mutu, kuma nawar gargaɗi ce.

Duk da haka, lissafi jinkiri yake kawowa, ba dawwama ba. Ɗalibin da ya naɗo muryar tsofaffi a Maradun, da ma'aikacin da ke riƙe da takardun albashi ko na filaye a Bakura, ya kamata su ajiye kofi a wuri fiye da ɗaya, nesa da rana, su riƙa juye shi a sabon mazubi lokaci lokaci. Littattafan malaman Sakkwato da dama sun iso wannan zamani ne domin kowane ƙarni ya sami wanda ya zauna ya kwafe su tun tawadar ba ta gama dushewa ba. Waƙoƙin Ɗanƙwairo ma irin wannan hidima suke bukata.