Fatar Ɗan Adam da Hawa-Hawanta

Duk wanda ya taɓa yin musafaha da ɗaya daga cikin 'yan dakon da ke sauke rodi da kwanon rufi a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya ji tafin hannun nan ya yi tauri kamar ƙirgi, to, lalle ya riga ya karanta babin farko na ilmin fata, ko da bai ankara ba.

Malaman ɗibbu sun bayyana cewa wannan sutura da Allah Maɗaukakin Sarki ya lulluɓe mu da ita, wadda faɗinta a jikin baligi yakan kusanci murabba'in mita 2, hawa uku ce. Hawan sama, wanda ido ke gani, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Ƙwayoyinsa daga ƙasa suke tsirowa, suna ta tunkuɗo juna, har su mutu su kakkaɓe cikin kimanin mako 4, kuma idan ƙarfe ya matsa masa da guga sai ya ƙara kauri, wannan ita ce kantar ɗan dako. Saboda wannan sabuntawa ne ƙunshin amarya, kome kyansa, yake dushewa, alhali kuwa tsagar da wanzami ya yi wa jariri ran suna tana nan har ya yi furfura, domin aska ta ratsa zuwa hawa na biyu, inda jini da jijiyoyin ji da saiwar gashi da maɓuɓɓugan gumi da na maiƙo suke. Shi wannan hawa, a fatar akuya, shi ne majema ke jiƙawa da bagaruwa bayan sun karce gashi. Na uku kitse ne, matashin jiki, mai tsare ɗumi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafin hannu da na ƙafa, waɗanda suka fi ko'ina wahala, ba su da maɓuɓɓugar maiƙo sam, shi ya sa da hunturu ya busa sai faso ya tsattsage dunduniya, a shiga neman man kaɗanya. Amma kuma a kan yatsun hannu ne ji ya fi kaifi, har Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya hukunta cikin littafinsa Alƙanun cewa fatar kan manuniya ita ce mafi daidaiton ɗabi'a a jiki duka.