Yadda Ake Gina Tashar Kayan Jirgin Ƙasa A Kan Tebur

A ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane waɗanda in sun taso daga aiki, maimakon su nufi wurin hira, sai su shige ɗaki su duƙufa a kan tebur da magagari da ɗan hantsaki, suna ƙera hanyar jirgin ƙasa wadda faɗinta bai wuce na babban yatsa ba. Wanda ya hango su daga nesa cewa zai yi wasan yara suke yi. Amma in ya matso zai tarar ba su yarda su sayi jirgin wasa a kanti su ɗora haka nan ba. Ƙa'idarsu ita ce kowane abu, tun daga dogo har ƙusar da ke jikin tarago, sai an rage girmansa bisa awon na gaskiya, sau da ƙafa. Abin da da yawa daga cikinsu suka fi son ginawa kuwa shi ne tashar kaya, watau filin nan da ake lodi da sauke kaya a gefen tashar fasinja.

ASALIN GARDAMAR

Faɗin hanyar jirgi a Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi, watau milimita 1,435. Awon da aka fi amfani da shi wajen ƙera ƙananan jirage a can shi ake kira OO, inda milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya. Ke nan an rage kowane abu sau 76 da 'yan kai. In aka bi wannan lissafi, kamata ya yi faɗin ƙaramar hanyar ya zama milimita 18.83. Amma wadda ake sayarwa a kanti milimita 16.5 ce.

Dalilin haka tsohon zance ne. A wajajen shekarun 1920 da 1930 injinan lantarki ba su yi ƙanƙantar da suke da ita yanzu ba, jiragen Ingila kuwa sun fi na Amurka da na sauran Turai tsukewar jiki. Da injin ya ƙi shiga, sai masu ƙira suka ƙara wa gangar jirgin girma, suka bar hanyar yadda take. Kamfanin Meccano ya fito da jiragensa na Hornby Dublo a kan wannan tsari a 1938, daga nan abin ya zauna.

To, wannan giɓi na milimita biyu da 'yan kai shi ya hana waɗansu barci. A 1955 aka kafa ƙungiyar EM Gauge Society, wadda faɗin hanyarta a yau milimita 18.2 ne. Cikin shekarun 1960 waɗansu suka ce wannan ma da saura, suka fito da tsarin da ake kira P4 mai milimita 18.83 cif, har wa yau kuma a 1976 aka kafa ƙungiyar Scalefour Society don masu bin wannan awo.

ME YA SA TASHAR KAYA?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba su fi mai da hankali ga jirgin fasinja mai gudu ba? Amsa ta farko ita ce wuri. Jirgi mai gudu yana bukatar doguwar hanya da kwana mai faɗi, tashar kaya kuwa ana iya tsuke ta a jikin bangon ɗaki. Amsa ta biyu ta fi nauyi. A da, da wuya a sami gari mai tasha a Ingila wanda ba shi da filin kayansa, inda kwal da taki da katako ke sauka, shanu da hatsi kuma su hau. Da manyan motoci suka ƙwace cinikin, sai filayen suka fara mutuwa. Rahoton Dokta Richard Beeching na 1963 ya ba da shawarar a rufe tashoshi 2,363 da hanya mai tsawon mil 5,000 ko kusa da haka. Yawancin ƙananan filayen kayan nan yanzu sun zama wuraren ajiye motoci ko gidajen kwana. Saboda haka mai ƙira yakan zama shi ne mutum na ƙarshe da ya damu ya san inda sikeli yake, da inda ake tsayar da taragon kwal.

YADDA AKE AIKIN

Aikin ba da zarto yake farawa ba, da bincike yake farawa. Mai ƙira zai zaɓi tasha guda da shekara guda, ya nemo tsohuwar taswirar gwamnati mai awon inci 25 a mil ɗaya, wadda ke nuna kowane reshen hanya, sa'an nan ya tara hotuna. In ginin ya riga ya rushe, sai ya ƙirga jerin tubalan da ke cikin hoto don ya gane tsayin bango. Daga nan sai lissafi ya tsaya masa a gaba: fili mai tsawon rubu'in mil zai ci fiye da mita 5 a kan tebur. Dole ya rage tsawon rassan, amma ba zai taɓa tsarinsu ba, domin tsarin shi ne ke nuna yadda aka yi aiki a wurin.

Bayan an haɗa teburin da falankin da ba ya lanƙwashewa, sai shimfiɗa hanya, nan ne kuwa ake gane gwani. Ana jera 'yan katakan ƙarƙashin dogo ɗaya bayan ɗaya, a zura wa dogon 'yan maƙalan da ke riƙe shi, a manna, ana yi ana gwadawa da ƙarfen awo. Mafi wuya shi ne mararraba, inda hanya ke rabuwa biyu. A tsarin P4, ratar da leɓen ƙafar tarago ke bi a wurin kamar kashi biyu cikin uku ne na milimita. Tun da leɓen ɗan mitsitsi ne kamar yadda awo ya hukunta, in hanya ta ɗan karkace sai tarago ya sauka. Don haka akan sa wa ƙafafun wata 'yar waya mai lotsawa, ko a bar gatari ɗaya yana lilo, yadda kowace ƙafa za ta riƙa taɓa dogo.

Sa'an nan sai gine-gine: rumfar kaya wadda tarago ke shiga cikinta, da na'urar ɗaga kaya ta hannu, da babban sikeli da ɗan ofishinsa, da shingen lodin shanu, da wurin zuba kwal. A filin kaya ba a cika ganin tsakuwa mai tsabta ba, toka ce da garin kwal, saboda haka mai ƙira yakan daka kwal na gaske ya tankaɗe ya barbaɗa. Taragon da ya fito fes kuma sai an shafa masa launin tsatsa da ƙura, domin sabon fenti ƙarya ne a wurin da ake aiki.

WASAN SHANTIN

In an gama gini, sai aiki. Shantin shi ne tura taragu da janyo su daga reshe zuwa reshe har kowanne ya isa inda ake bukatarsa. Masu tsananin bin gaskiya sukan haɗa taragu da 'yar sarƙa mai zobe uku, su maƙala ta da ƙugiya a bakin tsinke, kamar yadda ma'aikatan da suke yi da doguwar sanda. Wani Bature mai suna Alan Wright ya shahara da wani ɗan tsari da ya kira Inglenook Sidings: rassa uku, ɗaya na ɗaukar tarago 5, biyu na ɗaukar uku-uku. Ana zuba tarago 8, a zaɓi 5 ta hanyar ƙuri'a, a ce a jera su bi da bi yadda ƙuri'ar ta fito. Jeri iri 6,720 ne ke iya fitowa daga wannan ɗan fili.

WANI MISALI A LANDAN

Ƙungiyar The Model Railway Club ta Landan, wadda aka kafa a 1910, ta fara wani aiki mai suna Copenhagen Fields a farkon shekarun 1980, da awon milimita 2 a madadin ƙafa ɗaya, faɗin hanya kuwa milimita 9.42. Aikin yana nuna unguwar da ke arewa da tashar King's Cross kamar yadda take tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, har da sashen babban filin kayanta. Gine-ginen da ke can baya an ƙanƙanta su fiye da na gaba don ido ya ga kamar gari ya miƙe. An shafe shekaru fiye da 30 ana ƙara masa abubuwa, lalle sannu ba ta hana zuwa. A cikin wannan lokaci filin na gaskiya ya sake kama: babban rumbun hatsin da aka gina a 1852 ya zama mazaunin makarantar zane ta Central Saint Martins a 2011, wurin sauke kwal kuma ya zama kantuna a 2018.

MU FA?

Tsohuwar hanyar jirgin Nijeriya, wadda ta iso Kano a 1911, faɗinta ƙafa 3 ne da inci 6, watau milimita 1,067. In aka rage ta sau 64, za a sami milimita 16.7. Ashe hanyar nan ta kanti mai milimita 16.5, wadda ta yi wa jiragen Ingila kaɗan, ta kusa yi wa namu daidai, haka kuwa masu ƙira a Niyuzilan suke yi, tun da faɗin hanyarsu ɗaya ne da tamu. Duk wanda ya yi niyyar ƙera filin kayan Kano na zamanin dalar gyaɗa, ko na Zariya, ko na Kafanchan, bai rasa dogo ba. Abin da zai bukata da gaggawa shi ne awon gine-ginen da suka rage, da hotuna, da bakin tsofaffin ma'aikatan reluwe waɗanda suka san reshen da ake tsayar da taragon gyaɗa da wanda ake lodin shanu. Wannan sashe na aikin tef ɗin awo da littafin rubutu kawai yake bukata, kuma shi ne wanda ba ya jira.