Fitilar «erbag» ta ƙi mutuwa: yadda ake gano matsalar wutar jakar iska ta gefen mota

Galibin motocin hannu da ke shigowa Nijar daga Turai da Amurka suna ɗauke da jakunkunan iska, waɗanda makanisiyoyi ke kira «erbag». Ban da ta sitiyari da ta gaban fasinja, akwai ta gefe, wadda ke ɓoye cikin majinginar kujera ko cikin ƙofa, da kuma mai kama da labule a saman tagogi. Kamfanin Volvo ne ya fara sa jakar gefe cikin motocinsa a 1994. Amfaninta babba ne, domin idan aka bugi mota ta haƙarƙari, ƙofa kaɗai ke tsakanin mutum da abin da ya buge shi.

Abin da fitilar ke faɗi

Da zarar an buɗe kontak, fitila mai rubutun SRS ko hoton mutum da ƙwallo gabansa tana kamawa a tablo. A wannan lokaci ƙwaƙwalwar jakunkunan, wato «kalkilater», tana auna kowace hanyar wuta. In komai lafiya, fitilar ta mutu bayan daƙiƙa 6 ko makamancin haka. In ta tsaya kunne, an samu matsala, kuma mai yiwuwa ne jakar ta ƙi buɗewa ranar haɗari. In kuwa ba ta kama ba sam, wannan ma alama ce: ko ƙwan ya ƙone, ko wani ya cire shi da gangan.

Inda matsalar ta fi fitowa

Cikin kowace jaka akwai ɗan abin kunnawa mai rezistans kusan om 2 zuwa 3. Ƙwaƙwalwar tana sa ido kan wannan awo kullum. Ya ƙaru kaɗan, ta ce waya ta tsinke ko ta saki. Ya ragu, ta ce wayoyi sun haɗe. Shi ya sa ƴar tsatsa kan haƙoran fish ta isa ta kunna fitila.

Wurin farko da ake zargi shi ne fish ɗin da ke ƙarƙashin kujera, wanda galibi ruwan ɗorawa ne. Turawa da jawo kujera gaba da baya na motsa shi, ƙura na shiga, ruwan wankin mota ko na damina na taɓa shi, sannan takalma da gorunan ruwa da ake cusawa ƙarƙashin kujera na jan wayarsa. Na biyu shi ne kapter mai jin bugu, wanda ke cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, ko cikin ƙofar kanta. Batir mai rauni shi ma yana iya kunna fitilar, haka nan cire kujera alhali kontak na buɗe.

Matakan bincike

Ƙwararren mai gyaran wuta yana farawa da batir da fuzibil. Sannan ya jona na'urar bincike, wadda ake kira «valiz», a mahaɗi mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari. Sai dai yawancin ƙananan na'urori masu araha inji kaɗai suke karantawa, ba su shiga ɓangaren SRS. Lambar da za ta fito, wadda sau da yawa ke farawa da harafin B, ita ke nuna gefen dama ne ko hagu, kuma tsinkewa ce ko haɗewa.

Kafin a taɓa wayar erbag, sai a kashe kontak, a cire kan batir mai alamar ragi, a jira. Toyota ta ƙayyade aƙalla daƙiƙa 90, wasu kamfanoni kuma minti 3 ko fiye, saboda ƙwaƙwalwar tana riƙe da sauran wuta. Daga nan a duba fish, a share shi, a bi wayar a ga ko ta goge jikin ƙarfe.

In lambar ta dawo, ana cire jakar daga hanyar wuta, a sa rezistans na gwaji a madadinta. Matsalar ta gushe, laifin na jakar ne. Ta tsaya, sai a koma kan waya ko ƙwaƙwalwa. Akwai abin lura: fish da yawa suna da ɗan ƙarfe da ke haɗe haƙoran biyu da zarar an zare su, don hana fashewa. In ya lanƙwashe, valiz za ta nuna haɗewar waya alhali wayar lafiya take.

Ba a ɗora miltimetir ko ƙwan gwaji kai tsaye kan jakar. Wutarsu na iya tayar da ita, kuma ƙarfinta ya isa ya ji ma mutum mummunan rauni.

Hattara da gyaran ganin ido

Wasu masu gyara kan bar rezistans na gwaji a wurin, fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi da murna, alhali babu jakar da za ta buɗe. Wannan rufe kura da fatar akuya ne. Share lamba da valiz ba tare da gyara ba shi ma aikin banza ne, fitilar za ta dawo.

Don haka mai sayen mota ya buɗe kontak da hannunsa, ya ga fitilar ta kama kuma ta mutu ita kaɗai. In ta mutu lokaci guda da fitilar mai ko ta batir, ya yi shakka, domin ana haɗa su da gangan. Mai sa ma kujera riga kuwa ya duba alamar erbag a gefen majingina: riga mai kauri da ta rufe ɗinkin wurin tana iya tare jakar.