Kyauta, amana da girman kai: Yadda tsoffin waƙoƙin Ingila suka auna jarumi

Kafin Normawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, al'ummar Anglo-Saxon ta bar waƙoƙin jarumta cikin tsohon Ingilishi. Mafi shahara ita ce Beowulf mai layi 3,182, wadda ta tsira a kwafi ɗaya tak da aka rubuta da hannu wajajen shekarar 1000. Kwafin ya sha da ƙyar a gobarar 1731, yanzu kuma yana Babban Laburaren Birtaniya a Landan.

A waɗannan waƙoƙi, jarumta alkawari ce tsakanin shugaba da mabiyansa. Sarki zai raba zinariya da makamai da dawakai, mayaƙa kuma su biya shi da jininsu ranar gumurzu. Shi ya sa ake yi wa sarki kirari da mai rabon zobba. Waƙar ta kawo misalin Sarki Heremod, wanda ya ƙanƙame dukiya, ya kashe abokan cin abincinsa, ya ƙare a wulaƙance.

Labarin Beowulf ya faru ne a Denmark da kudancin Sweden. Dodo Grendel ya shekara 12 yana addabar fadar Sarki Hrothgar, har Beowulf ya ƙetaro teku da mutum 14 ya kashe shi, ya bi uwarsa ƙarƙashin ruwa ya halaka ta. Ana cikin murna, tsohon sarkin ya gargaɗi matashin kan girman kai, ya tuna masa cewa ƙarfi aro ne, tsufa ko takobi zai karɓe shi.

Gargaɗin ya dawo bayan Beowulf ya mulki ƙabilarsa ta Geat shekara 50. Wani ƙaton maciji mai aman wuta ya ƙona ƙasar, sarkin ya ƙi tara runduna, ya ce shi kaɗai zai tunkare shi. Da wuta ta yi wuta, mayaƙansa suka tsere daji, ban da Wiglaf, wanda ya tuna kyautar da ya karɓa ya tsaya. Suka kashe macijin tare, amma Beowulf ya mutu.

Waƙar Yaƙin Maldon kuwa ta ginu ne kan tarihi na gaskiya. A 991, Byrhtnoth, shugaban mayaƙan Essex, ya ƙi biyan maharan Viking kuɗin fansa, sannan ya ƙyale su suka ƙetaro mashigin ruwa domin a gwabza a fili. Aka kashe shi. Godric ya haye dokin ubangidansa ya gudu, amintattu suka zaɓi mutuwa a gefen gawarsa. Mawaƙin ya siffanta matakin Byrhtnoth da kalmar ofermod, wadda masana ke jayayya ko ƙarfin zuciya take nufi ko girman kai. A 1953, J.R.R. Tolkien ya ce zargi ce. Bayan wannan kaye, gwamnatin Sarki Ethelred ta biya maharan fam 10,000.

A nan ne nauyin waƙoƙin yake. Mabiyin da ya mutu don amana ya sauke haƙƙinsa, amma shugaban da ya jefa kansa cikin haɗari don neman suna ya yi caca da rayukan talakawansa. Beowulf ta rufe da jana'iza: an binne dukiyar macijin tare da tokar sarki, wata mata tana kukan bauta da kisan da ke tafe, domin maƙwabta za su ji cewa ƙasar ba ta da mai kare ta.